Karen daji ya ɗauke jaririya daga tanti, ƙasa guda ta ce uwar ce ta yanka ta

Duk ranar da aka ce yaro ya ɓace, kafin 'yan sanda su gama ɗaura igiyar kewaye wajen mutanen gari sun riga sun zauna kotu sun tashi, kuma yawanci uwar ake fara nuna wa yatsa. In ta yi kuka a ce na munafunci ne, in ba ta yi ba a ce kai ka dubi idonta a bushe ƙamas, ai da walakin goro a miya. Na daɗe ina ganin wannan halin a matsayin babban abin da ke kashe bincike, ya ma fi rashin kayan aiki ɓarna, domin rashin kayan aiki iyakarsa a kasa gano mai laifi, shi kuwa wannan sai ya sa a kama wanda bai ji ba bai gani ba a rufe fayil a ce an gama. Kuma kar wani ya ce matsalar jahilci ce ko talauci. Ostireliya da duk farfesoshinta da ɗakunan gwaje-gwajenta ta taɓa yin wannan ɗanyen aikin, kuma ta yi shi da hatimin kotu.

Ranar 17 ga Agustan 1980 abin ya faru, a wani sansanin masu yawon buɗe ido kusa da katafaren dutsen nan na tsakiyar hamadar Ostireliya da ake kira Uluru, wanda a lokacin aka fi sani da Ayers Rock. Su Turawa suna da wannan al'adar ta kwasar iyali a mota lokacin hutu a tafi daji a kafa tanti a kwana, a yi gashin nama, a kalli tsaunuka, har gwamnati na ware musu filaye na musamman don haka. To Michael Chamberlain, wani fasto na cocin Seventh-day Adventist daga garin Mount Isa, da matarsa Lindy sun je da 'ya'yansu uku, maza biyu da jaririya Azaria mai sati tara da haihuwa. Da dare wajen ƙarfe takwas uwar ta kwantar da jaririyar a tanti kusa da yayanta ɗan shekara huɗu da ya riga ya yi barci, ta dawo wajen da ake gashi inda mijinta ke hira da wasu baƙi da suka haɗu a nan. Can sai aka ji kukan jariri. Ta tashi ta je dubawa, sai ta ga dingo, wato karen dajin ƙasar, yana fitowa daga tantin, ta leƙa babu 'ya, ta kwarma ihu cewa dingo ya ɗauke mata jaririya.

Yanzu a duba abin da ke ƙasa a daren nan, tun kafin kowa ya fara ƙirƙiro labari. Akwai jini a cikin tantin, a jikin barguna. Akwai sawun kare a bakin tantin. Mutum kusan 300 suka fito da tocila suka jeru suna taje rairayin hamada cikin sanyi. 'Yan asalin yankin, baƙaƙen fata 'yan ƙabilar Anangu waɗanda bin sawu sana'arsu ce tun kaka da kakanni, sun bi sawun sun ce kare ne ɗauke da wani abu, har sun nuna inda ya ajiye kayan ya huta a kan rairayi. Matar da ke tsaye a wajen gashin ta ce da kunnenta ta ji kukan jaririyar a daidai lokacin da uwar ke tsaye a gabanta, kuma wannan matar ba 'yar uwarsu ba ce, ba 'yar cocinsu ba ce, ranar ta fara ganinsu. Sannan shugaban masu gadin dajin, Derek Roff, ya daɗe yana rubuta wa manyansa takarda cewa karnukan nan sun saba da mutane sun daina tsoro saboda 'yan yawon buɗe ido na ba su abinci, kuma wata rana za a yi abin da ba a so. Bayan sati ɗaya wani baƙo ya tsinci kayan jaririyar, rigar ciki da doguwar riga mai haɗe da wando da kunzugu, duk jini a wuya, a gindin dutsen kimanin kilomita huɗu daga sansanin, kusa da ramin karnukan. Gawa dai ba a taɓa samu ba har yau. Uwar ta ce akwai wata 'yar rigar sanyi saƙaƙƙiya da ta ɗora mata a sama wadda ba ta cikin kayan da aka tsinta. A riƙe maganar rigar nan.

Na san abin da zai faɗo ran Bahaushe da ya ji an ce dabba ta cinye yaro an kawo riga da jini, ƙissar Annabi Yusuf (AS) ce da 'yan uwansa da kerkeci, mun taso da sanin cewa wannan tsohuwar ƙarya ce. Amma malaman tafsiri sun ce abin da ya tona asirin 'yan uwan shi ne mahaifinsu ya duba rigar ya ga jini babu yagewa, kenan rigar aka duba, ba fuskar masu kuka ba, don su kuka sun sha shi har da majina. Mutanen Ostireliya kuwa sai suka juya abin, suka bar hujja suka koma karatun fuska.

Lindy ba ta yi irin kukan da talabijin ke so ba. Mace ce mai dakewa, tana magana dalla-dalla, har ta zauna tana yi wa 'yan jarida bayanin yadda kare ke sarrafa abin da ya kama, mutane suka ce haba, wace uwa ce za ta iya wannan bayanin a kan 'yarta. Ga kuma addininsu, ƙaramar ɗarika ce da yawancin 'yan ƙasar ba su san kanta ba, suna ibada ranar Asabar, da suka ce sun karɓi ƙaddarar Ubangiji sai aka ce ka ji ko, sun san abin da suka yi. Jita-jita ta bazu cewa sunan yarinyar na nufin hadaya a jeji, alhali ƙarya ce tsagwaronta, aka ce an taɓa ganinta cikin baƙar riga saboda haka tsafi ne. Daga baya har riguna aka dinga bugawa ana sayarwa da rubutun cewa dingo ba shi da laifi. Ka ji fa, an wanke kare an shafa wa uwa. Kuma a ganina akwai harkar kuɗi a ƙarƙashin wannan wanke karen, domin in aka yarda cewa karen daji na shiga tanti ya ɗauki jariri a wajen da gwamnati ke tallata wa baƙi, bayan ma'aikacinta ya yi gargaɗi an share shi, to tambaya za ta koma kan hukuma.

Zaman farko na binciken musabbabin mutuwa an yi shi a garin Alice Springs, alƙali Denis Barritt ya karanta sakamakonsa ranar 20 ga Fabrairun 1981 kai tsaye a talabijin, da gangan ya yi haka don ya kashe surutun. Ya ce dingo ne, iyayen ba su da hannu, sannan ya caccaki yadda 'yan sanda da masu gwajinsu suka yi aikin. A nan ne nake ganin komai ya lalace. Hukuma ta ji kunya a bainar jama'a, kuma hukumar da aka kunyata ba kasafai take komawa ta ce mun yi kuskure ba, komawa take ta nemo abin da zai nuna ita ce da gaskiya tun farko. A watan Satumban 1981, fiye da shekara guda bayan ɓatan yarinyar, suka dira gidan faston suka kwashe kaya suka tafi da motarsu. Kotun ƙoli ta yankin ta soke sakamakon Barritt, aka sake zama, aka tura mata da miji gaban shari'a a Darwin, babban birnin yankin.

To mene ne labarin masu gabatar da ƙara? Wai a cikin 'yan mintuna biyar zuwa goma da ta bar wajen gashin, ta ɗauki jaririyar ta kai mota, ta zauna a kujerar gaba ta yanke mata maƙogwaro, wataƙila da almakashi, ta cusa gawar a jakar kyamara, ta goge jikinta, ta je ta yayyafa jini a tanti, ta ɗauko wa babban ɗanta gwangwanin wake don ya ce yana jin yunwa, ta dawo cikin mutane tana hira babu ko ɗigon jini a kayanta babu ko haki. Yaron nan ɗan shekara shida kuma yana tare da ita a wannan tafiyar. Babu gawa, babu makami, babu wanda ya gani, babu wanda ya amsa laifi, kuma su kansu masu ƙarar ba su kawo dalilin da zai sa ta yi ba, duk wanda ya ga matar da jaririyar a ranar ya ce uwa ce mai ji da 'yarta. Kukan da aka ji fa bayan lokacin da aka ce ta mutu? Aka ce matar da ta ji ta ruɗe ne. Duk shaidar da ta saɓa wa labarin sai a nemo mata uzuri a ajiye ta gefe, wadda ta dace kuma a ɗaga ta sama ko da ba ta da ƙafa.

Abin da ya ci Lindy shi ne kimiyya, ko in ce abin da aka sa wa rigar kimiyya. Wata mai gwajin jini daga Sidni, Joy Kuhl, ta ce ta samu jini a wurare da dama a motar kuma jinin na jariri ne, domin jarirai 'yan ƙasa da wata shida suna da wani nau'in sinadarin jini da manya ba su da shi. Aka nuna wani feshi a ƙarƙashin dashbod aka ce ga yadda jini ya yi tsartuwa daga jijiyar wuya. Aka kawo Farfesa James Cameron daga Landan, ya ce ya ga shatin tafin hannun ƙaramin babba da jini a jikin rigar, kuma yankan wuƙa ko almakashi ne a wuyan rigar ba haƙorin dabba ba. Aka ce ai babu yawun kare a rigar, ita kuma ta ce to ai rigar sanyin ce a sama, suka ce babu wata rigar sanyi, ƙirƙira ce. Ka sa kanka a matsayin mutum goma sha biyun nan da aka ɗebo daga gari don su yanke hukunci, an shafe makonni ana zuba musu turancin likitoci da hotuna, ga farfesa ya taso tun daga Ingila, a ɗaya gefen kuma masu kwana a tanti ne da mai gadin daji. Ranar 29 ga Oktoban 1982 suka ce ta aikata. Ɗaurin rai da rai da aiki mai tsanani, mijin kuma wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka bisa taimaka mata ɓoye laifi. Tana da tsohon ciki a lokacin, a watan Nuwamba ta haihu tana tsare, 'ya mace, aka raba su.

Daga baya da aka bi gwaje-gwajen nan ɗaya bayan ɗaya wallahi abin ko a wasan kwaikwayo sai a ce an yi ƙari. Feshin ƙarƙashin dashbod ɗin nan ba jini ba ne, wani sinadari ne mai kama da kwalta da kamfanin mota ke fesawa tun a masana'anta don rage ƙara, an samu irinsa a wasu motocin ƙirar Holden Torana irin tasu. Shatin tafin hannun yawancinsa jan rairayin hamada ne. Gwajin farko da ake yi don gane ko abu jini ne yana iya amsawa in ya haɗu da ƙurar tagulla, su kuma Mount Isa da suke zaune garin haƙar tagulla ne, ƙurar na ko'ina. Kamfanin Jamus da ya haɗa ruwan gwajin jinin jariran shi da kansa ya ce ba a dogara da shi ta yadda aka yi amfani da shi. Kuma faifan gwajin an riga an zubar, wai haka tsarin ɗakin gwajin yake, saboda haka ba wanda zai iya sake dubawa. An kuma nuna cewa haƙoran dingo na iya yanka ƙyalle tsaf kamar almakashi.

Amma kar ka ɗauka waɗannan bayanan ne suka fito da ita. Ta ɗaukaka ƙara a 1983 ta faɗi, ta je babbar kotun ƙasa a 1984 alƙalai uku suka ƙi biyu suka yarda, ƙofa ta rufe. Abin da ya buɗe ta tsautsayin wani ne. A farkon 1986 wani ɗan yawon buɗe ido daga Ingila ya faɗo daga kan dutsen ya mutu, 'yan sanda na neman sassan gawarsa a wani waje mai ramukan dingo sai ga 'yar rigar sanyi ta jariri rabi a binne cikin ƙasa, rigar da aka rantse a kotu cewa babu ita. Ranar 2 ga Fabrairu aka tsince ta, ranar 7 ga wata aka saki matar. Wannan ne ke ba ni tsoro a labarin gaba ɗaya, duk matakan da aka gina don kama kuskure, alƙali da lauyoyi da kotun ɗaukaka ƙara da ta sama da ita, duk sun wuce da kuskuren salin alin, da Baturen nan bai zame ba Allah kaɗai ya san shekara nawa za ta ƙara.

Ko bayan nan ma hukuma da jan ƙafa ta dinga sakin gaskiyar. Hukumar bincike ƙarƙashin mai shari'a Trevor Morling ta yi fatali da hujjojin jinin a 1987, a nan ne ma aka zauna aka saurari masu bin sawun da kyau. Aka fara ba su afuwa, wanda in ka lura afuwa ai ga mai laifi ake yi wa. Sai a Satumban 1988 aka soke hukuncin, a 1992 aka biya su diyyar dalar Ostireliya miliyan 1.3 wadda aka ruwaito ko kuɗin lauyoyinsu ba ta rufe ba, a lokacin auren ma ya riga ya mutu. Zama na uku na binciken musabbabin mutuwa a 1995 ya ce ba a san musabbabin mutuwar ba, wato dai a bar ƙofar zargi a buɗe kaɗan. Sai da karnukan suka ci gaba da kai hari, har suka kashe yaro ɗan shekara tara a tsibirin Fraser a 2001, sannan ranar 12 ga Yunin 2012 alƙaliya Elizabeth Morris ta rubuta a takardar shaidar mutuwa cewa dingo ne ya ɗauke Azaria. Shekara 32 kafin a rubuta abin da uwar ta faɗa a minti na farko.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce to malam so kake kar a binciki iyaye? Ina, ba haka nake nufi ba. Duk ɗan sandan da ya san aikinsa dole ya fara da waɗanda suka ga yaron a ƙarshe, kuma an sha samun inda na gida ne suka yi ta'asar suka fito suna hawaye a gaban kyamara, wanda bai duba iyaye ba ya yi sakaci. Bambancin shi ne tsakanin a duba mutum don a gano gaskiya da a zaɓe shi tukuna sannan a shiga neman abin da za a rataya masa. Akwai wani misali a Amurka, jihar Idaho, inda yaro ɗan shekara biyu ya ɓace a sansanin Timber Creek a watan Yulin 2015, an taje dajin da rafin ba a gan shi ba, a farkon 2016 shugaban 'yan sandan gundumar ya fito ya ce iyayen ne ake zargi, amma ba a kai kowa kotu ba, shekaru suka yi ta wucewa. To me aka samu? In suna da hannu ba a hukunta su ba, in ba su da shi an kashe su da ransu, yaron kuma ba a gan shi ba. Sanar da sunan wanda ake zargi ba tare da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali ba sau da yawa hanyar rage wa kai matsin lamba ce kawai.

Shi ya sa abin da ya faru a 2021 ya burge ni, a wannan ƙasar dai ta Ostireliya, kuma a tanti. Ranar 16 ga Oktoba, a sansanin Blowholes da ke bakin teku arewa da garin Carnarvon a yammacin ƙasar, yarinya 'yar shekara huɗu, Cleo Smith, ta farka wajen ɗaya da rabi na dare ta nemi ruwa, uwar ta ba ta ta koma barci, da asuba wajen shida babu ita babu jakar barcinta, zif ɗin tantin a buɗe. Da farko an ɗauka ko ta fita ne ta ɓata ko ta faɗa ruwa, aka baza jirage da dawaki. Amma wani ƙaramin abu ya tsaya wa masu binciken a rai, inda aka zuge zif ɗin ya kai tsayin da hannun yarinyar ba zai kai ba. Daga nan suka ce ɗauke ta aka yi.

Sun binciki iyayen? Ƙwarai kuwa. Sun shiga gidansu da masu ɗaukar zanen yatsa ba sau ɗaya ba, sun tabbatar da cewa yarinyar ta je sansanin da gaske domin kyamarar tsaro ta wata bukka da ke kusa ta naɗi muryarta, da suka gamsu sai suka fito fili suka ce mutanen nan ba a zarginsu, suka wuce gaba. Aka kafa runduna ta jami'ai sama da 100 ƙarƙashin Rod Wilde, gwamnatin jihar ta Mark McGowan ta sa ladan dala miliyan ɗaya. Aikin da suka yi kuwa ba wani abin burgewa ba ne a ido, aikin gajiya ne, neman duk wanda ya kwana a sansanin a ji ta bakinsa, karɓo bidiyon kyamarori daga shaguna da gidajen mai da motocin mutane, har shara suka kwaso daga kwandunan bakin titi na ɗaruruwan kilomita suka zube suna tonawa da hannu. Wasu matafiya suka ce sun ga mota ta fito daga hanyar sansanin ta nufi gari wajen ƙarfe uku na dare. Aka bi bayanan wayoyin da suka hau kan turken sabis na yankin a daren, ana cirewa ɗaya bayan ɗaya, har aka tsaya kan wata lamba. Ranar 3 ga Nuwamba, kafin ƙarfe ɗaya na dare, suka fasa ƙofar wani gida a cikin Carnarvon, tafiyar 'yan mintuna daga gidan iyayenta, suka same ta a ɗaki ita kaɗai da ranta, bayan kwana 18. Mutumin, Terence Kelly mai shekara 36, ba shi da wata alaƙa da iyalin, ya amsa laifinsa, a Afrilun 2023 aka ɗaure shi shekara 13 da rabi.

Za a ce ai zamani ne, a 1980 babu wayar hannu babu kyamara a kowane lungu. Haka ne, ban musa ba. Amma a 1980 ma ai akwai sawu a ƙasa, akwai jini a tanti, akwai mutanen da suka ji kuka, hujja ba ta yi ƙaranci ba, kunnen saurare ne babu. Kuma da rundunar 2021 ta shiga da irin zuciyar ta Darwin, da duk na'urorin nan a kan wayar uwar da mijinta za su ƙare, a yi ta tono saƙonninsu ana fassara kowace kalma, yarinya kuma na kulle a ɗaki a bayan gari. Na'ura inda ka nuna mata nan take dubawa.

Jama'a dai ba su canja ba ko kaɗan, abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu kowa na da talabijin ɗinsa a aljihu. A cikin kwana 18 ɗin nan an yi wa uwar yarinyar da mijinta rubdugu a Facebook, masu binciken kan gado suna ɗaukar bidiyon hirarsu suna tsayar da shi suna cewa kalli yadda ya sunkuyar da kai, kalli yadda ta kalli gefe, ai wannan ba sai an faɗa ba, har sai da shugaban gwamnatin jihar ya fito ya ce a ji tsoron Allah a bar mutanen nan. Irin wannan ilimin karanta fuskar mu a nan mun ga iyakarsa wata guda kacal bayan haka, lokacin da aka sace Hanifa Abubakar a Kano a Disamban 2021. Wanda kotu ta samu da laifin sacewa da kashe ta, ta yanke masa hukuncin rataya a Yulin 2022, shi ne mai makarantar da take zuwa, Abdulmalik Tanko, kuma kamar yadda danginta suka faɗa yana cikin waɗanda suka fara zuwa jaje. Ba fuska ce ta kama shi ba, bibiyar waya ce wajen karɓar kuɗin fansa. Wanda ya iya jimami a gaban mutane shi ne mai laifin, wadda ta kasa kuka a gaban kyamara kuma ta yi kusan shekara uku a gidan yari a banza, amma gobe in wani yaron ya ɓace za ka ga masu sharhi sun sake jeruwa suna auna hawaye.

Mu 'yan jarida ma ba mu fita ba, kar a ce na ware kaina. A ranar da aka ceto yarinyar Carnarvon, ana cikin murna, wata babbar tashar talabijin ta ƙasar ta shiga Facebook neman hoton wanda aka kama, ta ɗauko na wani bawan Allah ɗan asalin ƙasar mai suna kusan iri ɗaya, wanda ba shi da haɗi da maganar ko ta ina, ta watsa wa duniya cewa ga ɓarawon yarinya. Kafin su sauke hoton an riga an yaɗa shi ko'ina, mutumin ya sha zagi da barazana. Tashar ta ba da haƙuri, shi kuma ya maka ta a kotu kan ɓata suna, daga baya suka sasanta.